Kawu Duk-Ɗaya da Shayin Madara

"Kuma da bakinsa ya faɗa, a gaban jikarsa, a gaban surukata!" Inna ta dangwarar da butar shayi a kan risho har murfin ya yi tsalle. "Ai kana zaune. Ko sharri na yi masa?"

"Ba ki yi masa sharri ba, Inna."

"To maimaita min. Me ya ce?"

"Ya ce ba ya son madara a shayi."

"Ba ya son madara a shayi." Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta zuba wa ƙofar kicin ido. "Tun uwarka tana ƴar makaranta nake haɗa wa mutumin nan shayi da madara. Kullum sai ya shanye, har ya kaɗa kofin ya ɗaga shi sama. Ashe magani yake sha. To da wa nake zaune duk shekarun nan, ɗan nan? Faɗa min."

Ni ma abin bai sake ni ba.

Inna matar kawuna ce, yayan mahaifiyata. Kawu mai fenti ne, kuma duk unguwa da Duk-Ɗaya aka san shi. Ka tambaye shi gaban mota zai zauna ko baya, duk ɗaya ne. Kifi ko nama, duk ɗaya ne. Mahaifiyata ta ce a gidan wani ɗan uwa suka tashi bayan rasuwar iyayensu, inda yaro ke cin abin da aka miƙo masa ya yi godiya. Daga nan Kawu ya shiga hannun wani mai fenti yana ɗaukar masa tsani da bokiti. Wata rana a gabansa maigidan nasu ya kori abokin aikinsa, don kawai ya ce wa matar gida launin da ta zaɓa bai dace da ɗakin ba. Kawu ya riƙe wannan. Ya fente asibitoci, shaguna, ɗakunan amare da ajujuwan makaranta, bai taɓa ce wa kowa ga launin da ya fi ba. Shi dai ya kankare bango, ya cike tsaga, ya shafa abin da aka ba shi sumul, ya wanke buroshinsa da kananzir, ya tafi.

Falon gidansa kore ne. Duk shekara yakan sake shafa shi, duk shekara Inna ce ke cewa kore, shi kuma ya ce to.

Abin da ya jawo duk wannan shi ne jikarsa. Babban ɗansa, wanda muke ce wa Yaya, aiki ya kai shi ƙetare, ya yi aure a can, ya haifi mace. Yarinyar ba ta jin komai sai yaren uwarta, Sifaniyanci. Kawu ya sa mata suna Tsuntsuwa, wai maganarta kamar kukan tsuntsu. Duk Lahadi da rana ana kira ta bidiyo, a jingine waya a jikin flas, Kawu ya ɗaga hannu, yarinya ta ɗaga hannu, su kalli juna, sai ta sulale daga cinyar ubanta ta tafi wasanta. Kawu ya ci gaba da murmushi wa kujerar da ta bari.

Ranar da ya ce ya yi rajista a ajin koyon Sifaniyanci da ake yi duk Asabar a ɗakin karatu na unguwa, Inna sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin da firamare ma bai gama ba! Amma ya je. Ya zauna a benci ɗaya da ma'aikatan jinya da samari masu neman hanyar fita waje, da ɗigon fenti a farcensa. Malamar ajin tana da salonta. Takan zo da kwando cike da tarkace, lemo, albasa, takalmi, gwangwanin madara, ƙyallaye kala-kala, ta ɗaga ɗaya ta tambayi mutum ko yana so. Kuma ba ta yarda a amsa da ka. Ta ce wanda ya faɗi abin da ba shi ne a ransa ba, kafin ya isa gida kalmar ta gudu. Da Kawu ya ce mata duk ɗaya ne, sai ta ce ba ta koyar da wannan ba tukuna, ya zaɓi e ko a'a, ga aji na jira.

To Lahadin da ta wuce na je cin abincin rana kamar yadda na saba, aka kira. Tsuntsuwa na riƙe da kofin madara tana ɓata fuska. Kawu ya gyara murya, ya gaishe ta da yarenta. Yarinyar ta zaro ido, ta manna fuska a jikin waya, ta ɗaga kofin ta tambaye shi wani abu.

"No me gusta la leche," in ji Kawu, a hankali, kalma bayan kalma.

Yarinya ta ƙwala ihun murna, ta samu abokin ƙin madara. Yaya na dariya ya fassara mana, "Wai Baba ya ce ba ya son madara." Sai kuma ya katse dariyar, don ya hango kofin da ke gaban Kawu, ya hango Inna a tsaye da cokali.

Tsuntsuwa kuwa ta samu wasa. Ta nuna takalman da ke bakin ƙofa, waɗanda Inna ta saya masa. Kawu ya ce no me gusta. Yarinyar ta kaɗa yatsa ta gyara masa, gustan, tunda takalma biyu ne. Ya maimaita daidai, yana ta washe baki. Sannan ta nuna bangon da ke bayansa, ya ba ta amsa da yarenta.

"Bangon fa, me ya ce?" Inna ta tambaya.

"Inna, layin ba kyau, ban ji ba," in ji Yaya.

Amma matarsa, baiwar Allah, da ba ta san me ake ciki ba, ta nuna bangon ta girgiza kai tana dariya, don ta taimaka wa surukarta ta gane.

Aka kashe waya. Inna ta ajiye cokali.

"Malam, ni fa? Ina cikin waɗanda ake so, ko ina layin madara?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Ai ba mu zo nan ba. Kaya muke yi tukuna, ba a fara mutane ba."

Na tabbata gaskiyar manhajar ajinsu ya faɗa, amma da ya yi shiru da ya fi.

Tun daga ranar Inna ta sauya tsari. Da safe ta jera masa ruwan zafi, ganyen shayi, sukari da madara, kowanne daban, ta koma gefe ta naɗe hannu. Abincin rana ma ba ta ɗora tukunya sai ya faɗi abin da za a dafa. Shi kuma ya tsaya a kan tiren yana kallo, bakinsa ya motsa, abin da ya saba fita ya fita, "Duk ɗaya ne." Ta kwashe tiren. Ya tafi aiki da yunwa. Ranar da na fara ba ku labarinta, da na shiga gaishe ta, na tarar da jakarta a ɗaure a bayan ƙofa.

"Gidan ƙanwata zan tafi ranar Juma'a," ta ce. "Ba yaji na yi ba, na girme wa yaji. Amma ba zan zauna ina yi wa mutum hidima yana haƙuri da ni ba. Haƙuri fa yake yi da ni, ɗan nan! Ni ina cewa daɗi yake ji."

Muryarta ta karye a nan. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka ba, ko ranar da Yaya zai tafi.

Da yamma na bi Kawu wurin aiki, wani sabon shagon magani da yake shafa wa fari. Yana saman tsani, rolar fenti a hannu. Na riƙe masa gindin tsanin duk da ba ya rawa.

"Ta aiko ka ne?"

"A'a, Kawu. Na ga jaka ne."

Rolar ta tsaya. Ya sauko mataki biyu ya zauna a kan tsanin, ya cire hularsa mai ɗigon fenti yana jujjuya ta.

"Wallahi ban yi don in ɓata mata ba. Yarinyar ce ta tambaye ni, karon farko da ta taɓa tambayata wani abu. In yi mata ƙarya? Kuma da yaren nan abin ba ya yi min nauyi. Malama ta ce a wurinsu ba kai ne ke so ba, abin ne ke yi maka daɗi ko ya ƙi. Sai na ji kamar ba ni na faɗa ba, madarar ce ta ƙi ni." Ya yi ƴar dariya da ba ta kai ciki ba. "Da Hausa kuwa, in na buɗe baki zan ce ina son kaza, sai in ji kamar na miƙa hannu a kwanon wani."

"To me ya hana ka faɗa mata tun farko?"

"Ranar da ta fara haɗa min, muna sabon aure, madarar ma aro ta yi a maƙwabta. Ta tsaya tana kallona ina sha. Kai da za ka ce mata me?"

Na gyara riƙon tsanin.

"Washegari ta sake. Jibi ta sake. In ka shafa wa bango launi ya bushe, ka ƙara wani a kai, ka ƙara wani, wa ke tuna asalin simintin?" Ya mayar da hular. "Juma'a ta ce?"

"Juma'a."

"Ajinmu sai Asabar," ya faɗa a hankali, kamar mai lissafin fentin da ba zai isa ba. Ya hau tsaninsa.

Ranar Juma'a da sassafe na je, don Inna ta ce in raka ta tasha. Tiren na kan teburin falo, komai daban-daban. Jaka na bakin ƙofa. Kawu na tsaye da kayan aikinsa, ya kafa wa tiren ido. Na fara jin "duk" na fitowa, na runtse ido.

"Ruwan zafi da ganye," ya ce. "Sukari kaɗan. Ban da madara."

Inna ta jawo tiren. Ta haɗa, ta miƙa. Ya kurɓa yana tsaye.

"Sai me?" ta ce.

"Takalman suna matse min ɗan yatsa."

"Da ka faɗa ai da an canza. Sai me?"

"Kifi ya fi min nama. Labulen ɗaki yana da duhu. Rediyon nan da kike kunnawa da asuba..."

"Malam, a hankali! Ashe tari ka yi."

"Ke kika tambaya."

"Na tambaya. Kuma akwai tambayar da na yi tun Lahadi."

Kawu ya dube ni. Na juya ina karanta kalandar bango da dukkan hankalina.

"Shayin madara yana daɗewa bai huce ba," na ji ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kina zama kina juya min shi da cokali, kina ba ni labarin unguwa, har ya huce. Shayin ne ba na so. Zaman nan kuwa, in babu shi ban san yadda ake fita aiki ba."

Inna ta ɗauki cokali.

"Wannan ma ai da zafi," in ji Inna. "Zauna mana, kana tsaye a kan mutane kamar ɗan aike."

Ya zauna. Ta karɓi kofin tana juyawa. Ta ce min in ɗauke jakar nan daga hanya kafin wani ya yi tuntuɓe, ta faɗa kamar ni na ajiye ta.

Da ya shanye, ya tashi ya saɓa tsaninsa, Inna ta nuna bango da haɓa.

"Ni dai ina son korena, ka sani. Amma bana kai za ka zaɓa. Wane launi?"

"Ruwan lemo."

"Ruwan me?"

"Ruwan lemo. Mai haske sosai."

"Innalillahi! Falon nawa? Ɗan nan, ka ji? Ashe Allah ne ya rufa mana asiri da bai taɓa zaɓa ba!"

"Bango ɗaya to," in ji Kawu. "Wanda Tsuntsuwa ke gani a waya."

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki bokitinsa, ya karkata tsanin don ya wuce ƙofa. Inna ta bi shi har bakin ƙofar gida tana cewa ba ta yarda ba tukuna, kuma kifin soyawa za a yi ko dafawa. Ya ce soyawa, bai ko waiwayo ba, ya miƙe titi zuwa shagon maganin da ya rage masa shafa ta biyu.