Tarin Malamin Dandin Mahe

A dogon hutun shekarata ta huɗu a karatun harhaɗa magunguna, 'yan ajinmu suka watsu asibitoci da manyan kantunan magani. Ni kuwa aka tura ni wani kamfanin inshorar lafiya mai ƙaramin ofishi a Boɗinga. Mutum kan yi rajista, in ciwo ya same shi ya je asibitin da aka haɗa shi da shi, kamfani ya ɗauki nauyin magani, muddin yana cikin waɗanda aka amince da su. Aikina duba abin da likitoci suka rubuta, in ga ko ya bi wannan ƙa'ida. Hutun ya yi nisa ban taɓa ƙwaya ko ɗaya da hannuna ba.

Shugabar ofishin wata hajiya ce marar yawan magana. Wata rana cikin damina, gero ya kai ƙugu, ta ɗauke ni zagayen asibitoci. A wani asibitin Shagari muka iske dattijo zaune a benci da kwalin magani a cinya. Malamin makarantar allo ne daga Dandin Mahe, ɗansa ma'aikaci ya yi masa rajista. Hajiya ta ce in ji abin da ke tafe da shi.

Na durƙusa na gaishe shi. "Allah shi gafarta Malam, me ya faru?"

"Ɗiyata, maganin hawan jinin ga nik kawo musu abinsu. Tun da nif fara sha nai tari ya hana ni sakat. In ɗauko aya, ban kai ƙarshe sai ya sarƙe ni. Ɗalibai na jira, ni ina tari. Na bar shi."

Na duba kwalin. Irin wanda muka karanta ne, yakan sa wasu busasshen tari. Likitan asibitin ya ce wanda aka fara ba shi kafin wannan kuma ƙafafu ya kumbura masa. Saura na uku, mai tsada, wanda ba a bayarwa sai babban ofishi ya yarda. Likita ya ce zai nema.

A mota na ce wa Hajiya ai da an ba shi yau kawai.

"Malam ɗaya kika gani," in ji ta. "Asusun na jama'a ne. In an buɗe wa kowa mai tsada, kafin kaka masu haihuwa ba za su iske kome ba."

Amma ita ce ta riƙa buga waya babban ofishi tana tuni. Suka ce sai an fara gwada majinarsa, kada a je tarin fuka ne. Na ji haushi, ko da yake na san da gaskiyarsu. Malam ya hau babur ya zo aka gwada, ba a sami kome ba. Duk tsawon lokacin nan ba ya shan maganin kome, sai dai ya zo a auna jininsa, a ce ya hau, ya koma gida.

Amincewar ta zo a makona na ƙarshe. Na kira asibitin, mai ba da magani ya ce ruwa ya ɓata hanyar garin su Malam, sai ta ɗan sha iska. Na tattara kayana na koma Sakkwato.

Bayan an koma karatu na kira Hajiya mu gaisa, na tambaye ta labarin Malam. Ta ce ya karɓi sabon maganin, tarin ya tafi, ya koma ba da karatu. Sai dai kullum ya zo yakan yi wa likita ƙorafi wai sabuwar ƙwayar ta cika ƙanƙanta, bai ga alamar tana da ƙarfin ta da ba.