Baba Ilu da Dawar Gozaki a Talabijin

Duk wanda ya taɓa shiga falon Baba Ilu a Malumfashi ya san talabijin ɗin nan da yake lulluɓewa da tsohon rawaninsa. Ba a buɗe ta sai lokacin labarai, ana gamawa zai ce a kashe. Wata rana na ce, "Baba, ai akwai wa'azi bayan wannan." Ya ce, "Bar ta ta huta. Kai in aka sa ka surutu tun safe za ka kai labari?" Haka muka yi shekaru, ita tana hutawa, mu muna kallon rawani.

Ni ɗan ƙanensa ne, a hannunsa na tashi, kuma ni da ɗansa Sani muke noma gonar gandu a wajen Gozaki. Dokarsa ɗaya ce: ba a sa wa dawa wuƙa sai ya gani da idonsa ya ce a yanke. A shekararsa ta ƙarshe ƙafafu suka ƙi. Ba ya iya hawa babur, mota kuma ba ta kaiwa gonar. Dawa ta nuna, maƙwabta duk sun kwashe tasu, makiyaya sun fara sakin shanu a karan gonakin da ke kewaye da mu. Tamu kaɗai ke tsaye. In aka ƙara kwanaki, abincin gidan na shekara zai ƙare a bakin shanu da tsuntsaye.

Na ɗauko bidiyon gonar a wayata na kai masa. Ya miƙa ta nesa, ya matso da ita, ya dawo mini da abata.

"Gonar da nake zagayawa tun hantsi har azahar ita ce wannan? Audu, wannan ko akurkin kaji bai kai ba."

Sai 'yarsa Rabi, mai aikin jinya a Funtuwa, ta zo da kwamfutarta ta zuba bidiyon a ciki. Ta ce in aka jona ta da talabijin da kebul, Baba zai ga gonar da girmanta. Za ta koma aiki, don haka ta rubuta mini yadda ake yi a takarda da manyan baƙaƙe, domin lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci.

Na ce zan je kasuwa in sayo kebul ɗin. Baba ya ce, "A gidan nan? Jawo buhun can." Kun san buhun. Tunda yake bai taɓa yar da igiyar lantarki ba: ta tsohuwar rediyo, ta dutsen guga, ta fankar da ta mutu tun Sani yana goye. Daga safe har la'asar muna gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan ta dutsen gugar, har filaya ya sa na ɗauko, wai a ɗan matse mata baki za ta shiga. Da na fita salla sai na zarce kasuwa na sayo, na dawo na jefa shi cikin buhun ba tare da ya gani ba. Ya laluba ya zaro shi, na jona, ya shiga daidai.

Ya dube ni ya ce, "Ka gani? Da mun biye maka da yanzu an je kasuwa."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na ɗauki takardar Rabi ina bi da yatsa, layi bayan layi. Yana ta cewa, "Karanta a hankali, ɗan boko, shanu za su jira ka gama aji uku." Da na danna maɓallin ƙarshe sai ga gona ta cika talabijin, jajayen zangarniyoyi sun sunkuyar da kai.  Sai Baba ya nuna gefe da sandarsa.

"Wane ne wancan a gindin ɗorawa?"

Sani ne, kwance, ya rufe fuska da hula. Baba ya ce a maimaita. Na maimaita. Ya ce a sake. A karo na uku ya buga sanda a ƙasa.

"Har yanzu bai tashi ba?"

Na ce, "Baba, ai wannan jiya na ɗauka."

"To, tun jiya yake kwance ke nan."

Ina cikin dariya ya katse mini ita. Ya ce tunda na jiya ne, bai ga komai ba, shi ba ya yanke hukunci a kan gonar jiya. A daren nan shanu suka taɓa mana kunya biyu ta gefen gabas.

Ranar Asabar Rabi ta dawo, ta ce za a yi kai tsaye: ni in kira daga gona, ita ta amsa a kwamfuta, Baba ya gani a talabijin. A duk faɗin gonar babu inda sabis ke kamawa sai kan wani suri. Na hau da furfurata, na ɗaga waya sama, muryar Baba na fitowa: "Juya hagu. Hagunka, ba nawa ba. Rage rawar hannu, kana sa ni jiri."

Ya kalli gabas, ya kalli yamma. Na ce, "Baba, a yanke?"

Ya ce, "Ido na ruɗi. Ciza in ji."

Haka yake yi da can, ya ɓare ƙwaya ya sa a haƙori, in ta yi ƙara ta bushe. Na miƙa hannu zan tsinko ta kusa, ya ce ta bakin gona ce, rana ta fi dukanta, ta tsakiya yake so. In na sauka sabis zai ɗauke, sai Sani ya ruga ya karyo zangarniya ya dawo yana haki. Na ji Baba yana ce wa Rabi, "Ki ajiye mini wannan wurin, yau na ga Sani yana gudu."

Rabi ta ƙure sautin talabijin. Na kawo wayar daf da bakina, na sa ƙwaya a turmin haƙori na ciza. Ƙas.

 Na ɗauka sabis ne ya tafi, sai ga muryar Baba:

"Sake."

Na sake. Ƙas.

Ya ce, "Bismillahi. A yanke."

Kwana huɗu muka yi muna yanka, rumbu biyu suka cika. Ya ci tuwon dawar nan har ƙarshen rani, kullum da ƙorafin miya ta yi gishiri, kuma kafin ruwan farko Allah Ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku Rabi ta gaya mini cewa lokacin da nake juya wayar a kan surin, Baba yana kiran iyakokin gonar ƙasa-ƙasa, nan mahaifinsa ya dasa ɗorawa, can shi da mahaifina suka fara riƙe fartanya. Ta ga yana share ido, ta ce, "Baba, lafiya?" Ya ce hasken talabijin ne.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ya sa duk bakin da ya ci daga gonar nan ya zama shaida a gare shi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.