Gidan Sarautar Mai Agogo

Mai Agogo mutum ne da za ka shekara kana wucewa ta gaban teburinsa ba ka san yadda muryarsa take ba. Ba girman kai ba ne, sana'a ce ta mayar da shi haka. Wanda ya wuni da ɗan gilashi maƙale a ido da hantsaki a hannu, yana lallaɓa sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba, ba ya sakin numfashi yadda ya ga dama. Kalma ɗaya mai ƙarfi sai sukurun ya yi tsalle, a wuni ana lalube a ƙarƙashin tebur. Tun yana saurayi ya koyi riƙe numfashi, daga nan ya zarce da riƙe magana. Abin da ya rasa a baki kuwa ya same shi a ido. Kallo ɗaya zai yi wa mai kawo gyara ya gane ko agogon na marigayi babansa ne, ko kuwa daga aljihun yayansa ya zaro shi.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa shi aure da Goggo. Ita tikiti ta sayar a tashar mota har ta yi ritaya, ta bayan wata 'yar taga, kuma ba ta taɓa neman lasifika ba. Maƙwabtansu a benen haya sukan ce in ka ji shiru a ɗakin Mai Agogo, to Goggo ta fita unguwa. Takan yi masa tambaya, ta amsa wa kanta, sannan ta yi masa faɗa a kan amsar. Shi dai gyaɗa kai. A haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar, gida ya rage su biyu, sai Auta da ke leƙo su in ta taso daga aiki.

Wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar agogo, ya kwaso teburinsa ya kafa a kusurwar falo. Ba a daɗe ba ciwon yanar ido ya fara rufe idon Goggo. Da farko hazo-hazo, daga baya haske da duhu kawai take bambancewa. Likita ya ce aikin ba wani mai wuya ba ne, Auta ta yi lallashi har ta gaji, Goggo ta kafe. "Idona? Da wuƙa? Ku bar ni da hazona, ai na san inda komai yake a gidan nan." Shekaru suka tura a haka. Surutunta ya ragu, domin mai surutu da abin da ta gani take yi, kuma wannan shirun ya fi komai damun Mai Agogo.

Auta ce ta sa musu tauraron ɗan Adam don ya ɗebe wa uwar kewa. Wata yamma ana ta busa ƙaho a cikin akwatin talabijin, Goggo ta ɗaga kai.

"Malam, me ake yi ne?"

Ya leƙo ta saman gilashinsa. "Wani sarki ne ya shigo."

"Sai me?"

Sai me kuwa? Yaren da ake yi bai san ko gaisuwa a cikinsa ba. Rubutun da ke gudu a ƙasan allo kuma kafin ya haɗa kalma biyu ya wuce. Fuska ce kawai ta rage masa, ita kuwa ya iya ta. Ya dubi sarkin, ya ga mutum mai ciwon baya da ke ɓoyewa. Ya dubi sarauniyar, ya ga mace da ta kwana da magana a ciki.

"Matarsa na fushi da shi," in ji shi. "Ya yi mata alkawari bai cika ba."

"Halinku ke nan! Alkawarin me?"

Ranar Mai Agogo ya yi maganar da ta fi ta wata guda. Washegari ma haka. Kafin a ce me, yammar gidan ta koma lokacin fada: Goggo a doguwar kujera da kofin shayi, shi a gefenta riƙe da rimot, yana raba wa mutanen allo halaye yadda ya ga fuskarsu ta dace. Akwai ƙanen sarki, wani mai lumsassun idanu da ke yawan tsayawa bayan labule. Mai Agogo ya ga alamar kunya a tare da shi, sai ya mai da shi mutumin kirki wanda ya yi jinyar uwarsa shi kaɗai. In an nuno shi yana ɗiga wani abu a kofin sarki, sai Mai Agogo ya ce maganin ciwon baya ne. Goggo ta ɗauki ƙanen sarki ta sa a ranta kamar ɗan cikinta.

Abin da ya fi yi masa daɗi bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da suka yi aure, wannan ne karon farko da yake magana Goggo ta yi tsit tana jiransa. Har gyara zama take yi. In ya tsaya kurɓar shayi sai ta zungure shi da gwiwar hannu. Da tsufansa ya gano ashe yana son a saurare shi, so ba kaɗan ba.

Kuskuren kuwa ga yadda ya faru. Shi bai san wasan kwaikwayo yana tafiya hutu ba. Wata yamma ya kunna a lokacin da ya saba, sai ga wani katafaren gida mai ƙofar ƙarfe, ga masu hidima, ga wata tsohuwa ta sha gwala-gwalai tana zazzaga wa 'yan mata masifa. Ya ce a ransa ai su ne, kaya kawai suka sauya.

"Yau ban ji ƙaho ba," in ji Goggo. "Kuma muryoyin kamar ba su ba."

"Sun tashi daga fada. Ana gyaran rufi. Sun koma gidan kakar gimbiya."

"Allah sarki. Haya ba daɗi."

Sai da ya yi kwanaki kafin ya lura cewa waɗannan mutanen suna juyowa su kalli kyamara su yi ƙorafin juna. Ashe wani shiri ne daban, na wasu masu kuɗi da suka yarda a riƙa ɗaukarsu har ɗakin girki. Amma ina, ya riga ya raba muƙamai. Mai yawo da ɗan kare a jaka ta zama gimbiya. Wani surukin gidan da ba ya sa riga in zai yi waya ya zama waziri. Da wasan sarautar ya dawo daga hutu aka raba musu ranaku, Mai Agogo bai yi ƙasa a gwiwa ba: ya ce iyalin sun rabu gida biyu, wasu sun koma fada, wasu sun ɗanɗana gidan kaka sun ƙi komawa.

Goggo ta samu abin yi. "Ka gani ko, Malam? Tarbiyya a wurin zama take. Yarinyar nan tana fada ko tari ba ta yi da ƙarfi. Yanzu ji yadda take ihu a kan an shanye mata abu a firji!"

Rannan Matar Direba, maƙwabciyarsu ta ƙasa, ta hauro aron dutsen guga ta tarar ana kallo. Ita a waya take bin shirye-shiryen biyu, da fassara, ba abin da ke wuce ta. Ta zauna a hannun kujera.

"Goggo, ni fa 'yan sarautar nan sun ishe ni. Kowa fuska a ɗaure, sai ƙus-ƙus a lungu, mutum ya yi wata bai yi dariya ba. Gara masu kuɗin nan, su ko ba komai haukarsu ta gaske ce."

"Ta gaske? Wa zai yi kuka na gaske da janbaki bai goge ba? Malam ya ce ko ɗigo bai taɓa ba. Kuma wane irin gara? Ai duk gida ɗaya ne."

"Gida ɗaya?"

"Ke ba ki san mai karen nan 'yar sarki ba ce? Da baffanta yana kusa da ba ta lalace haka ba. Bawan Allah, shi kaɗai ne mai hankali a zuri'ar."

"Wane baffan? Ƙanen sarki? Mai sa gub..."

Ta ɗago ta haɗa ido da Mai Agogo. Duk roƙon da ke duniya yana fuskarsa. Matar Direba ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

"To, ƙila ni ce ban faro daga farko ba, Goggo."

"Ita ce matsalarku, 'yan waya. Kuna kallo ba kwa fahimta."

A matakala, da ya rako ta da dutsen gugar, ta yi dariya har da riƙe bango. "Baba, kai ne ka haɗa gidajen nan biyu aure? Wallahi naka ya fi nasu daɗi. Amma ranar da asiri ya tonu, ba ruwana."

Shi ya jawo ranar da bakinsa. An yi bikin auren wata gimbiya a wasan sarautar, ya zage ya kwatanta rigar amarya: jelarta, duwatsun wuyanta, yadda ƙanen sarki ya share hawaye a bayan ginshiƙi. Da ya gama, Goggo ta ce, "Kira mini Auta. A yi aikin nan. Ina so in ga fuskar yaron nan kafin in mutu."

Mai Agogo ya yi murna, murna ta gaskiya. A ƙarƙashin murnar kuma tsoro ne fal, ya kuma ji kunyar tsoron. Ba faɗan da za ta yi ne ya dame shi ba, ya saba da faɗa. Abin da ya sani shi ne mai ido ba ta bukatar a gaya mata me ake yi. Zai koma kusurwarsa da matattun agoguna, ita ta koma amsa wa kanta tambaya.

Ya yi ƙoƙarin gyara ɓarnar kafin ranar. Ya sauka wurin Matar Direba ta ba shi labarin gaskiya, ya dawo yana so ya karkato da nasa a hankali, yadda ake saita agogon da ya yi gaba.

"Anya ƙanen sarkin nan... kamar fa akwai abin da yake ɓoyewa."

"Kul, Malam! Mutumin da ya yi jinyar uwarsa? Kada in sake ji. Hassada ce irin ta maza."

Ya haƙura. Ya gina mutumin da kyau har ya fi ƙarfin rushewa.

Aka yi aiki lafiya. Ranar da aka cire bandeji Goggo ta dawo gida da baƙin tabarau tana ba kowa umarni. Ta ga ƙurar saman firji, ta ga labulen da ya koɗe, ta gaya wa Auta ta rame. Da yamma Auta ta tafi, Goggo ta zauna a doguwar kujera ta ce a kunna. Mai Agogo ya kunna, ya koma can ƙarshen kujerar ya takure. Ranar ta masu kuɗi ce.

Ta zare tabarau ta ƙura ido. Ga wata tana kuka a bakin wurin ninkaya, ga wani ba riga yana waya, ga ɗan kare sanye da rigar sanyi.

"Wace ce gimbiyar?"

Ya nuna da rimot.

"Wannan? Wazirin fa?"

Ya sake nunawa. Ta daɗe tana kallo. Goggo ta yi shekaru tana gane ɗan ƙarya ta 'yar taga, ba ta bukatar fassara.

"Malam, gidan nan ko mai unguwa ba su taɓa haifa ba, balle sarki."

Ya sunkuyar da kai. Tsohon shirun nan nasa ya dawo. Yana jira ta karɓi rimot, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Can ya saci kallonta. Ba allon take kallo ba, shi take kallo, da sabbin idanunta masu ruwa-ruwa, tun daga goshi har haɓa. Ta miƙo hannu ta zame masa hula.

"Ka gaya mini launin gashin kowa a gidan can, har na karen. Naka da ya yi fari fat, shi ne ba ka ga ya isa labari ba?"

Ta ajiye hular a cinyarta, ta matso, ta juya wa akwatin rabin baya. A allo tsohuwa mai gwala-gwalai ta taso wa kyamara tana ta kumfar baki, tana nuna wata kujera da karen ya yaga.

"To, ina jinka. Me kakar take cewa?"

Ya yi gyaran murya.

"Cewa take... ta ji tsoro. Ta ɗauka yanzu ba mai sauraronta kuma."

"Ka gaya mata na ce sakarci ne," in ji Goggo, ta zungure shi da gwiwar hannu. "Ci gaba."