Mushen Ingilishi da Gaiwa

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi a wata koleji a Buza, gida ɗaya muka kama ni da mushen Ingilishi, wato malamin Ingilishi, don a wajenmu mushe ake ce wa malamin boko. Ɗaki biyu ne da tsakar gida mai tsakuwa, randa ɗaya, butar shayi ɗaya. Ni mutumin Keita ne, shi kuma ɗan manoman albasa daga wajen Galma. Ni an riga an tabbatar da ni a aiki. Shi a kwantiragi yake, wato duk ƙarshen shekara ana iya sallamarsa in rahoton da aka rubuta a kansa bai yi kyau ba. Matarsa da 'ya'yansa suna ƙauye, kuma a duk gidansu shi ne na farko da ya tsaya gaban allo. Ya sha gaya mini ba abin da yake tsoro kamar ranar da zai koma bakin rijiyar garka, 'yan uwansa suna kallonsa.

Bai taɓa magana da wanda aka haifa cikin Ingilishi ba. Abin da ya sani ya samo shi ne a makaranta, sauran kuma a wani tsohon ƙamus marar bango, irin wanda ke faɗin asalin kowace kalma. A can ya gano abin da ya zama sana'arsa, ya kuma kusa cinye ta. Faransanci ɗan Latin ne, harshen mutanen Rum na dā. Ingilishi kuwa ya ɗebo kalmomi da yawa daga Latin ɗin nan, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci. Yaranmu tun firamare suke fama da Faransanci. To me zai sa a wahalar da su? Yaro ya ɗauki kalmar da ya sani, ya yanke mata wutsiya, ya liƙa mata ta Ingilishi, an gama. Kalmomin da ke fitowa Ingilishi ne na gaskiya, ba ƙarya. Sai dai irin wanda masu harshen kan shekara ba su furta ba.

Ni nake fara jin darasin gobe, bayan la'asar, ina hura gawayi.

"Kai mai lissahi," zai ce, "ka san tumaki in sunka taho garke, akwai wadda ka hita daban? Rumawa garke suna ce mishi grex. Wadda tah hita daga garke ita ta egregious. Da hwarko yabo na, wai ta hi sauran. Da anka daɗe sai yaz zama zagi."

"To kai wane iri na, na hwarko ko na baya?"

"Zuba shayi."

Ban damu da Ingilishi ba, har yau ban damu ba, amma ina son labaran. Akwai delirium, sambatun mai zazzaɓi. Ya ce lira ita ce layin huɗa, mai sambatu kuwa manomi ne da garmarsa ta saki layi ta shiga gonar wani. Akwai rival, abokin hamayya, daga rivus, ƙorama: mutum biyu ne masu ban ruwa daga magudana ɗaya. Da ya faɗi wannan a aji, an ce yaran masu garka har tafi suka yi, don kowannensu ya san da wa ubansa ba ya gaisawa. Akwai crepuscular, abin da ke fita tsakanin faɗuwar rana da duhu, kamar jemage. Wannan ya liƙa wa daraktanmu ita a ɓoye, saboda lokacin ne yake zagayen unguwa neman ɗaliban da ke yawo.

Wadda ya fi so ita ce aestivate. Aestas rani ne a Latin, kalmar kuma na nufin dabba ta kwanta barci har rani ya wuce. Bai tsaya ga faɗi ba. Ya sa aka haƙo masa gaiwa daga busasshen tabki, kifin nan da ke shigewa cikin laka in ruwa ya ƙafe, ya naɗe kansa ya jira damina. Ya kawo dunƙulen laka aji, ya sa a bokitin ruwa, ya ci gaba da darasi. Kafin a tashi laka ta saki, abin ya motsa. Duk makarantar ta zo kallo, har mai gadi. Ban san yaron da ya ga wannan ya manta kalmar ba.

A rubuce hanyar tana ci. Ɗalibansa suna samun maki a jarrabawa, masu gyara suna mamakin 'yan ƙauye da irin waɗannan kalmomi. Na taɓa ɗaukar takardar wani yaro a kan tabarmarmu na ga ya rubuta "After my matutinal ablution I masticate my aliment." Mushe ya fassara mini da alfahari: bayan alwalar safe yana tauna abincinsa. Na tambaye shi ko haka Turawa ke faɗi. Ya ce haka ya kamata su faɗa.

Wanda ya fara kawo masa labarin waje tsohon ɗalibinsa ne, magidanci a lokacin, mai bin kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, zuwa Kumasi. Ya zo gaisuwa da goro da 'yar atamfa ta matar mushe. Ana cikin hira ya ce:

"Mushe, ka yi mini gahwara, amma Ingilishinka ba shi ci kasuwa. Ƙishirwa tak kama ni, nic ce ma wata mai ruwa, I desire to procure potable water. Tad dube ni, tak kira maƙwabtanta, tac ce in sake hwaɗi su ji. Sai da nin nuna da hannu anka ba ni."

Muka yi dariya mu uku. Mushe ya fi mu dariya, har da dukan cinya. Da baƙon ya tafi na zuba kofi na biyu, mushe ya ce ya ƙoshi.

Ba a daɗe ba darakta ya kira shi ya ce ansifekta zai zo, mai binciken malamai, kuma a kan rahotonsa za a sabunta kwantiragi ko a ƙi. Ya ce ya bi littafin gwamnati shafi-shafi, ya bar Rumawa su huta. Mushe ya gwada. 'Yan kwanakin da suka rage ya yi ta cusa wa yara gajerun kalmomi, yana dawowa gida da ciwon kai.

"Get, put, up, off," ya ce mini. "Waɗanga ba su da dangi ga Faransanci ko ɗaya. Ta ina ɗiya za su kama su? Yau ka koya musu, gobe sun zube."

Darakta ma ya yi nasa shirin. Ya shiga ajin da kansa ya gargaɗi yara: ranar da baƙo ya zo kowa ya naɗe hannu, kada wanda ya motsa daga benci sai an ce ya motsa.

Ajin mushe na zana ne, nawa ma haka, zana ɗaya ce tsakaninmu. Ranar na ba ɗalibaina lissafi mai tsawo, na ja kujera kusa da wata tsaga. Ansifektan dattijo ne mai sanyin murya, an ce a Gana ya yi karatu. Ya zauna a gefe ya saurari darasi, sannan ya nemi izinin yi wa yara tambaya. Ya nuna wata yarinya a bencin gaba, wadda ta fi kowa a ajin, ya tambaye ta da Ingilishi abin da ke samun tabki da rani.

Ta miƙe ta ce, "It desiccates, sir, and the fish aestivate."

Wato yana bushewa, kifi kuma ya kwanta barcin rani. Dattijon ya ɗaga gira, ya yi murmushi, ya rubuta wani abu. Na ga fuskar mushe ta tsagar nan. Ban taɓa ganinsa da farin ciki haka ba.

Da ansifekta ya tashi zai tattara kayansa, makullin babur ɗinsa ya zame daga aljihu ya faɗa cikin rairayi, ƙarƙashin bencin gaba. Ba gwaji ya yi niyya ba, na tabbata. Gwiwa ce ke damunsa. Ya dubi yarinyar ya ce, "Pick it up for me, please." Ma'anarta kawai, ɗauko mini don Allah.

Ba ta motsa ba. Ta dubi makulli, ta dubi dattijon, ta dubi mushe. Yaranmu ba sa barin babba ya sunkuya. Da a hanya ne, kafin makullin ya taɓa ƙasa hannu goma sun kai. Amma an ce kada a motsa sai an faɗa, kuma duk ajin ba wanda ya gane an faɗa. Dattijon ya maimaita a hankali. Ya juya ga yaron da ke kusa da ita ya faɗi wata gajeruwar magana, sannan wata. Hannuwa a naɗe, idanu a kan mushe.

Mushe ne ya tako ya durƙusa gaban ɗalibansa, ya zura hannu ƙarƙashin benci, ya kaɗe rairayin, ya miƙa makullin da hannu biyu.

A ofishin darakta, yadda mushe ya ba ni labari, dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce bai taɓa jin ɗalibar ƙauye ta faɗi kalma irin wannan ba, kuma ya ji daɗi. Ya ce amma yaran nan Kumasi da Legas za su, ba Rum ba. Zai sa hannu a sabunta kwantiragi da sharaɗi ɗaya: littafi kawai, kuma zai dawo ba tare da sanarwa ba. Na juya maganar ta kowane gefe ban sami inda ya yi kuskure ba.

Mushe ya karɓi sharaɗin. Ƙamus ya shiga akwati ƙarƙashin kayan sanyi. Ya zama malami nagari irin wanda ake so, aka tabbatar da shi, ya ɗauko iyalinsa ya kama gidansa. Ɗalibansa na yanzu suna sayen ruwa a Kumasi ba a tara musu jama'a. Ni kuwa shayin la'asar ya zame mini shayi kawai, kuma na ji kewar labaran fiye da yadda na zata. Sau biyu na tsokane shi da tambayar asalin wata kalma, ya ce sai ya duba, bai duba ba.

Daga baya aka mayar da ni Keita. Bara da rani ina wucewa ta bakin wani tabki na ga mutane da fartanya suna haƙon gaiwa. Na tsaya na kira shi a waya.

"Mushe, ana tonon gaiwa gabana. Na tuna da aestivate."

Sai ya ce:

"Wai har yanzu kana riƙe da ita?"

"Kai ka manta?"

"Ban manta ba. Ba ni dai tuna su. In nit tuna, hitowa sukai gaban ɗiya." Ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Sannan ya ce, "Ina aji, bari in koma."

Bai kashe wayar nan take ba. Na ji takunsa cikin rairayi, na ji ya buga allo, sai muryoyin yara suka tashi gaba ɗaya: "Pick it up. Put it down. Pick it up."