Tagar da ta jira yayana

Shekarar da aka kawo ordinata, wato kwamfuta, a biro, ofishin da nake aiki a Matameye, yayana ya yi damina biyu bai dawo daga cirani ba. Sun sami saɓani da mahaifinmu, ya tafi Kano ya yi zamansa. Na ji labari yakan leƙa wani zauren hira na intanet inda 'yan garinmu ke haɗuwa, amma ko yaushe na shiga, sai a ce yanzun nan ya fita.

Wani malamin lekol, makarantar boko, ne ya nuna mini cewa manhajar hirar tana karɓar umarni. Layi biyar muka rubuta: in sunan wane ya bayyana a zaure, a buɗe taga ta daban, daga ni sai shi, a miƙa masa saƙo. Na zauna ina kallon layukan nan baki buɗe. Ni da ko akuya ba ta jin maganata, wai na sami ɗan aike mai tsaron ƙofa yini guda ba gajiya.

Saura saƙon, kuma daga bakin Inna nake so ya fito. Yayana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa doguwar magana ido da ido. Na yi mata bayani sau uku.

"Mutanen zauren za su ji?" ta tambaye ni.

"Ba mai gani, Inna, sai shi."

Ta daɗe tana tsince wake a faifai, sannan ta ce, "Ka ce wa wancan, ba na cin tuwo ya zauna mini. Ya zo."

Kwana tara na'urar tana jira, in ka cire lokutan da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ran na goma na dawo daga sallar azahar na tarar da taga buɗe, ba wanda ya taɓa ta. Ashe yayana ya shigo, ya karanta, har ya fita, ya bar layi ɗaya: "Inna ce ta faɗi haka da bakinta? Ka ce mata ina hanya ranar Juma'a."

Da na karanta mata, ba ta ɗago kai ba. Ta ce in sake karantawa, a hankali.