Dokar Niƙan Dutse

Lokacin da nake karatu a Gummi, malamin darasin gwamnati ya taɓa gaya mana cewa Ingila ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya da mutum zai ɗauka ya buɗe. Ya ce dokokinta a warwatse suke: wasu a al'ada, wasu a hukuncin alƙalan da suka shuɗe, wasu a abin da majalisa ta yanke nan da can. 'Yan aji suka yi dariya, wani ya ce ashe Turawan ma da ka suke mulki. Ni ban yi dariya ba. A ƙarƙashin irin wannan doka na tashi.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Anka da Bukkuyum. Ina firamare aka fara samun zinari a dajinmu. Maza su haƙo dutse su kawo gida a buhu, mata su daka shi a turmin da suke surfen gero, yara na rarrafe a gefe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen sai da yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Inna ta binne ƙannena biyu a damina ɗaya. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidajenmu, suka zuba sabuwa.

Bayan tafiyarsu, maigarinmu na lokacin, wani tsoho, ya tsayar da maza a ƙofar masallaci ran Juma'a. Ya ce daga yau dutse ba ya shiga gari. Niƙa da wanki duk a bakin rafi, bayan gonaki, kuma wanda ya yi aikin ya wanke jikinsa ya sake riga a can kafin ya shigo. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu. Sai dai kowace kaka sankira yakan zaga gari da ganga ya sake faɗa.

Dokar ta yi aiki shekaru. Baƙon da ya zo haƙa daga wata jiha, kafin ya gama shan shayinsa na farko mai shayi ya gaya masa. Wani ya taɓa ɓoye buhu a ɗakin da ya kama, aka sa ya mayar da shi rafi a kansa da tsakar rana, yara na binsa. Daga nan duk wanda ya yi gardama sai a tuna masa da mai buhu. A gefen littafina, kusa da abin da malam ya rubuta game da Ingila, na jera tushen tamu dokar: bakin maigari, gangar sankira, hukuncin mai buhu, da ƙananan kaburburan gabas da gari.

Wani hutu na yi ƙarfin hali na je gaishe da tsohon. Na daɗe ina murza hulata kafin na ce ina so in rubuta dokar a ajiye.

Ya dube ni ya yi murmushi. “Ɗan boko, in ka rubuta ta, ta zama ta takarda. Kowa ya zo ya nemi inda ta ƙare ya tsaya bayan nan da taki ɗaya. Yanzu kuwa tana cikin cikin kowa. Bar ta nan.”

Na ce to. A lokacin na ga gaskiyarsa, har yanzu ma ban ce ba shi da ita ba.

Sai daji ya lalace. Wata safiya 'yan bindiga suka sauka a bakin rafi, suka tafi da mutum biyu. Ɗaya mijin yayata ne. Bai dawo ba. Ya bar ta da ɗiya guda mai shekara biyu, a gidan da wansa ke riƙe da shi.

Aka sake taruwa a ƙofar masallaci. Ina gida lokacin, na zauna can baya. Masu injin niƙan dutse suka ce ba za su koma rafi a kwashe su ba, kuma in aka daina niƙa, ba abin da za a ci, don gonakin nesa ma sun gagara. Tsohon ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce a kawo injuna kangon da ke bayan makabarta, can ƙarshen gari, har daji ya lafa. Amma gida, ko tsakuwa kada ta shiga. Da na koma ɗaki bayan la'asar na rubuta maganarsa a littafina yadda ya faɗe ta, da sunayen dattawan da ke wurin. Ban gaya wa kowa ba. Na tuna malam ya ce babban amfanin irin wannan doka shi ne tana lanƙwasuwa idan lokaci ya matsa, na ji daɗi na ga hakan da idona.

Damina ba ta fita ba tsohon ya rasu. Liman ya bi 'ya'yansa Anka. Sankira ya koma wajen 'yarsa a Bukkuyum, gangarsa na rataye a zaurensa. Kakar nan ba wanda ya zaga gari. Ɗan tsohon ya gaji sarauta, shi ma yana da rami a daji.

Ba rana ɗaya aka karya dokar ba, shi ya sa ba wanda za a nuna. Da farko an ce ana satar buhuna a kango, sai aka riƙa kwana da su a zaure. Daga zaure wani ya ce ɗan abin da ya rage bai kai a tayar da inji ba, bari a daka a turmi. Da na dawo hutu na gaba, na tarar da inji a tsakar gidan da Yaya take, taki goma daga ƙofar ɗakinta. Wani farin gari ya kwanta a kan randa, a kan igiyar shanya, a gashin ɗiyar. Tana ganina ta taho da gudu tana “Kawu! Kawu!”, hannunta fari fat, ta cusa shi a baki.

Yaya ta ja ni ɗaki. “Ni ba ni da baki a gidan ga, ka sani. Kai ka yi karatu. Tahi ka faɗa ma maigari. Ko sai mun sake haƙa kaburbura irin na Inna?”

Kwana biyu ina shirya abin da zan ce. A na uku na ɗauki littafin na tafi fada da hantsi. Maigari na zaune da dattawa huɗu, wan mijin Yaya na cikinsu. Na durƙusa na yi gaisuwa.

“A'a, alƙali ne da kansa,” in ji wan mijin. “Har da kundi. Ku gyara zama.”

Aka yi dariya. Na buɗe na karanta maganar tsohon: kango, har daji ya lafa, gida ko tsakuwa kada ta shiga.

“Wa ya sa ma wanga hannu?” in ji shi. “Kai ka rubuta, kai ka karanta. Ni ma ina wurin. Cewa ya yi a shigo da shi gari.”

Wani dattijo ya ce shi dai ya tuna an ambaci kango. Na kusa da shi ya ce kunnensa bai ji haka ba. Na ukun ya dubi ƙasa. Dukansu sunayensu na cikin littafina, dukansu kuma akwai buhu a zaurensu.

Maigari bai yi mini tsawa ba. “Malam, na ji ka. Amma dajin ya lafa? Kangon nan an shiga shi sau biyu. In na ce su koma, aka ɗauki wani, kai za ka karɓo shi? Baba ya sassauta don ya ga hali. Ni ma hali na gani.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, to a bar ɗiyar ta koma wajen Inna, ko na wata biyu.”

Wan mijin ya daina dariya. “Ɗiyar ƙanena? Marainiya ta bar gidan ubanta ina raye, a ce na kasa riƙonta? Ba a taɓa yi ba a garin ga.”

Sauran dattawan uku suka gyaɗa kai tare. Wannan dokar ita ma ba a rubuce take ba, amma ba wanda ya manta ko kalma ɗaya a cikinta.

Na rufe littafin na yi godiya na fita. Har yau ina tuna na yi godiya.

Na koma makaranta da mako uku aka kira ni a waya. Jijjiga ta kama ɗiyar tana wasa a bakin randa. Aka kai ta asibitin Anka a kan babur, Yaya na rungume da ita. Ta rayu. Amma ƙafarta ta hagu ja take yi, kuma maganar da ta fara iyawa duk ta tafi. Da aka sallame su, Yaya ta wuce da ita gidan Inna kai tsaye. Wannan karon ba wanda ya ce ba a taɓa yi ba.

A jarrabawar ƙarshen zangon aka tambaye mu amfani da illar tsarin mulkin da ba a tattara shi a kundi ba. Na rubuta abin da malam ya koya mana, na ci. In na je gida yanzu nakan zaunar da ita a cinyata in nuna ƙirjina in ce, “Kawu.” Takan dubi bakina sosai, kamar tana neman wani abu da ta ajiye. Daga tsakar gidan Inna ana jin ƙarar injin.