Tumatirina Da Man Kanumfari A Alƙahira

Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Kadawa a motar maƙwabcina. A shingen Kura ɗan sanda ya haska mu, ya tambayi inda za ni. Na ce Masar. Ya kalli takalmina na gona, ya ce, "Allah ya kiyaye, Alhaji."

'Yata Rabi na je gani, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta. Shekara biyu tana karatun noma a Alƙahira. Bara rabin tumatirina a kwando ya ruɓe kafin ya isa kasuwa, har na fara tunanin barin sana'ar. Ita kuwa ta dage sai na zo na ga abin da take yi. Awa biyar muka yi a jirgi, ban saki hannun kujera ba.

Talata, unguwar Madinat Nasr

Ƙaramar bas muka shiga, direba na ihun "Yalla, yalla!", wato a yi sauri, alhali ƙafata ɗaya na waje. Gidansu hawa na biyar ne, da ƙafa. Ana buɗe ƙofa ƙamshin kanumfari ya tare ni.

"Uwata, wa ke ciwon haƙori?"

"Baba, aikina ne."

Ta nuna mini 'yan kwalabe: man kanumfari da man kirfa. Wai in an ɗiga su a ruwan ƙaro aka tsoma tumatir, fumfuna ba ta saurin kama shi. Na ce ashe turare na turo ta ta koya wa tumatir shafawa.

Laraba, kasuwa

Minti arba'in a bas. Ta ce ni zan zaɓi tumatirin gwaji da hannuna, kada in ce an yi mini coge. Ina latsawa ina jujjuyawa, mai kayan ya gaji ya ce da ita, "Aure zai yi musu ne?" Da ta fassara, na ce ta gaya masa shekara talatin nake wannan aiki. Ya ce, "Tamam," wato daidai ne, ya miƙo mini shayi.

A gida ta raba kashi uku, kowanne a farantinsa. Ɗaya ta bari haka, ɗaya ta tsoma da awon ɗigo, na ukun ta ce nawa ne, in gwada kamar yadda ta yi. Tana fita makaranta na tuttula man sosai. A ganina, in kaɗan na aiki, da yawa ya fi.

Alhamis zuwa Talata

Na ga kogin Nil, na ci koshari, wato shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya. Amma kullum da hantsi ina gaban farantan nan.

Ran Talata kashi na farkon ya yi gashi fari, yana tsiyaya. Nata kuwa jawur, da tauri. Nawa fatarsa ta ƙone ta yi tabo. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, ɗigo nawa ka sa?"

"Ban ƙirga ba."

Ta yanka ta miƙo mini. Na tauna, harshena ya mutu har la'asar. Tana dariya tana cewa ma'alish, wato in yi haƙuri, sannan ta zaunar da ni ta koya mini awon, sau uku, kamar ɗan aji ɗaya. Ta ja kunnena cewa ba ya hana ruɓa har abada, kwanaki yake ƙarawa. Na ce kwanakin nan su nake nema.

Laraba, gida

Ƙarfe biyar na yamma na iso Kadawa. Uwargidana Hajara ta zuge jaka, ta yi ta fito da kwalabe ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, Masar guda ka je, tumatir ka yi wa tsaraba?"

Sai a lokacin na tuna ko tsinke ban sayo mata ba. Sai ga ta ta zaro wata abaya daga ƙasan jakar, wadda ban taɓa gani ba. Ashe aikin Uwata ne. Na gyara murya na ce, "Ai da kaina na zaɓa."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Uwata kuma, Allah ya yi miki albarka, sau biyu.